Idanun Injiniya Rabe

Litinin, 7 ga Yuni, 1999
Sojoji sun koma bariki, yanzu kowane ofis a GRA kwamfuta yake nema. Shekara goma ke nan Injiniya Rabe yana cewa ranar nan za ta zo, ana yi mai dariya. Yau masu dariyar ne a layi ƙofar kamfaninmu.

Alhamis, 19 ga Agusta
Ya miƙo min sukudireba. "Gwadabe, ɗaure wannan." Shi da ba ya bari a taɓa injin da ya buɗe. Sai na lura da yatsa yake laluben ƙusoshin. Ciwon sukarin da yake fama da shi ya sauka a ido. Ban nuna na gani ba.

Talata, 12 ga Oktoba
Likita ya ce idonsa na hagu ya tafi. Daga asibiti ajin kwamfuta na kamfaninmu ya wuce, ya koyar awa biyu da ka, ko tuntuɓe babu. Irinsa ba su da yawa.

Laraba, 17 ga Nuwamba
Ya tara mu zai faɗi wanda zai riƙe kamfani. In faɗi gaskiya, sabuwar shadda na sa. Shekara goma sha biyu ina bayansa.
Bashira ya kira. Wadda ta zo mana a mai buga takardu.
Da aka watse ya ce, "Hannunka ya fi na kowa, amma injin jiya kake gyarawa. Ita na gobe take tambayata."

Talata, 14 ga Disamba
Kwana biyar ban je aiki ba, na fake da azumi. Gari ya ɗauka wai in shekarar 2000 ta shigo kwamfutoci za su rikice. Bashira na bin ofisoshi ita kaɗai.
Bayan la'asar ga Injiniya har gidana a Kambarawa, matarsa Hajiya Kubura riƙe da hannunsa. Bai yi min faɗa ba. "Bashira ta san lissafi, ba ta san kukan inji ba. Ni makaho ne zan koya mata?"
Kunya ta hana ni cin abin buɗa-baki.

Litinin, 3 ga Janairu, 2000
Injunan da muka bi, ni da ita, duk sun tashi lafiya. Ta buga wa Injiniya waya gida, ta kara kan wayar jikin kwamfuta don ya ji tashinta. Har daga inda nake na ji dariyarsa.
Wani darakta daga Batagarawa ya shigo, ya dube ni, ya ce shugaban kamfani yake nema.
"Ga ta can," na ce.
Bakina ne ya riga ni.