Gorar Zamzam ɗin Baba

Yaya Lawan,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Gyadi-Gyadi? Ni lafiya lau nake a Jidda, barci ne kawai ya ƙi.

Na ji Baba ya sha fiya-fiya, maganin sauron da aka zuba a gorar zamzam ɗin da na aiko masa. Tsohon da ba ya gani, ga ciwon ƙoda, kuka tsaya ɗura masa manja har la'asar kafin ku kai shi asibiti? Allah ya ba shi lafiya.

Tsohuwar da nake jinya a nan, ko ruwa ba ta sha sai na duba kofin. Don Allah ku kara wa Baba waya a kunne, ko ba zai amsa ba.

Ƙanwarka,
Sa'adatu