Ba a Gidar Aka Haifi Kaka Ba

Garwa, daren Laraba.

Shekarar da fara ta cinye gero aka haifi kakanmu Malam Sule, daga bakinsa na ji. Yau Hamadu ɗan ƙanena ya zo min da tsohuwar takardar Faransanci, wai a garin Gidar aka haifi Kaka.

Na ce, "Ɗana, wa ya rubuta?"

Ya ce, "Baffa, takarda ba ta ƙarya."

Kayya! Ban yi lekol ba, wato boko, amma Kaka ɗan fari ne. Wace mace ke haihuwar fari a gidan miji? Goyon ciki uwarsa ta tafi ƙauyensu wajen Maga, can aka binne cibiyarsa. Shi mai rubuta takardar, garin uba kawai ya tambaya.

Saurin Hamadu ne bai kwanta min ba. Jumma'a zai kai littafin tarihin zuriyarmu da ya rubuta a buga, kuma tun da ya auri 'yar Gidar bai ƙara ambaton dangin Maga ba. In aka buga haka, an shafe su ke nan.

Gobe da sassafe zan tafi unguwar Pumpumre in ɗauko Goggo Hajara, autar Kaka, ko a goye ne. Hamadu ya maimaita zancen Gidar a gabanta.