Tagar da Kawu Ya Raina

Yaya Sani,

Sallama da gaisuwa. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajara? Mu nan Goronyo lahiya lau.

Na zo hutu da ɗan hwallen ƙarhen bincikena, siriri kamar ɓawon albasa. Shi na tagar injin da ƙwayoyin lantarki ka ratsawa su kashe gubar ruwa. Kawu ya murza shi har ya yage, yac ce ledar alawa ta, in bar karatu. Nac ce mashi ukku sun hwashe mani kahin wanga, kuma wani zan sake ƙerawa. Shi Kawu da yag ga kihinmu na mutuwa saboda gubar ruwa, mi yay yi?

Ba ni bari, Yaya. Ka gaishe da yara, ku sa ni addu'a har ranar da Kawu zai sha ruwan da tagata ta wanke.

Ƙanwarka,
Rabi