Na ɗaga tirelar mijin yayata, na riƙe takardar a aljihuna

Admin, sannu da ƙoƙari, ina gaida duk masu bin wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Kafin ku fara zagina ku daure ku kai ƙarshe tukuna, don babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni makanike ne, ina aiki a wani gareji a Cheetham Hill, nan Manchester, shekarata talatin da tara. Ina da yaya mace, mu kira ta Yaya Ladi, tana Birmingham da mijinta da 'ya'yansu biyu. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi ta fafutuka har na zo ƙasar nan yin jami'a, karatun da ban ƙarasa ba. Mijinta, mu ce masa Bulus, ma'aikacin council ne, wato ƙaramar hukuma, kuma dattijo a cocinsu. Shekara goma sha biyar ke nan mutumin nan bai taɓa kirana da sunana ba. Kullum sai dai "injiniya", da wani murmushi a gefen baki wanda duk mai hankali ya san abin da yake nufi. Ni kuma in ce "na'am, Yaya," don mijin yayata ne, ya zan yi?

Bulus yana da wata tirelar zango, irin ƙaramar nan da ake ja da mota, a buɗe ta a kwana a ciki. Duk shekara cocinsu na fita taron kwana uku a wata gona a Wales. Bara, da suka shiga hanyar gonar, cikin tirelar ya dinga gogar ƙasa har ta kafe a taɓo, sai da mai gonar ya zo da tarakta ya fizgo ta, jama'a na ta dariya suna ɗauka a waya. Dattijon coci guda! Abin ya tsaya masa a rai shekara cur. Shi ne ya sayo abin da ake kira lift kit. Ga wanda bai sani ba, ƙarafa ne masu kauri da dogayen bolti, ana saka su tsakanin gangar tirela da ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, sai ta ƙara tsayi, cikinta ya daina taɓa hanya. Masu gareji a Birmingham ba su ƙare ba, amma ni Yaya Ladi ta kira, ta ce, "Ka yi masa mana, ko Allah zai sa ku shirya."

Ranar wata Asabar ya jawo ta har Manchester. Ranar hutuna ce, na roƙi maigidana ya bar mini wurin. Tun ƙarfe goma nake kwance a ƙasa, tsofaffin notin sun yi tsatsa sun ƙi motsi, na fasa ɗan yatsa, ana ta yayyafin nan na garin da ba ya ƙarewa. Shi kuwa yana zaune cikin mota da hita yana danna waya. Wajen ƙarfe uku na gama, tirela ta tashi tsaf, ko ni sai da na tsaya na kalle ta. Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba.

To, akwai takarda a cikin kwalin, na karanta ta tun da safe na ninke na sa a aljihun rigar aiki. Abin da ke ciki kowane makanike ya sani: sabon ƙarfe in ya hau hanya yana zama, sai notin su ɗan saki, dole bayan tafiyar farko a sake bin su ɗaya bayan ɗaya a ɗaure. Aikin minti goma ne. In ba a yi ba, kullum ƙara sakewa suke. Na matso wajen tagarsa na ce, "Yaya, akwai abu ɗaya da za ka kula da shi in ka isa gida." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Injiniya, ba lacca na zo sha ba, na iya karatu. Da kai ma ka iya, da yanzu ba ka ƙarƙashin mota." A gaban abokan aikina biyu ya faɗi haka, ɗaya ma ɗan Ghana ne da ke jin Hausa sarai. Na miƙa masa hannu mu yi sallama, ya dubi baƙin man da ke tafina, ya ɗago mini yatsu biyu daga nesa, ya ja mota.

Takardar tana aljihuna. Hannuna yana kanta a lokacin, ina jin ta. Ba mantuwa na yi ba, kada wani ya zo yana rarrashina da cewa mantuwa ce. Cewa na yi a raina, tunda ka iya karatu, je ka karanta. Na ɗauka iyakarta tirelar ta fara ƙara, ta dinga karkarwa, ya dawo da kansa ya ce "don Allah duba mini." Wannan "don Allah" ɗin kawai nake son ji daga bakinsa sau ɗaya a rayuwata. Mako uku tsakanin ranar da taron. A cikinsu Yaya Ladi ta kira ni sau biyu, muna ta hirar yara da ciwon gwiwarta, har ta ce Bulus na ta nuna wa mutane tirelar a bakin coci. Me ya hana ni ce mata a kai gareji a ɗaure noti? Kalma nawa ce? Sai da ta tambaye ni, "Babu wani abu dai ko?" na ce babu.

Ranar tafiya, Bulus ya tashi da ciwon baya, ya ce Yaya Ladi ta tuƙa. Wannan ne ban taɓa kawowa a raina ba, wallahi ban kawo ba. Ba su yi nisa da barin Birmingham ba, a kan babbar hanya, motorway, wata babbar mota ta wuce su, tirelar ta fara wutsil-wutsil hagu da dama, gefe ɗaya ya ɓalle, ta kife, ta juya motar har suka daki ƙarfen bakin hanya. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu. Yaran sun fita da ƙujewa, Yaya Ladi ta karye a wuyan hannu. Tun a asibiti, ana ɗaure mata hannu, Bulus yake cewa gudu take yi, ya sha gaya mata tana da nauyin ƙafa.

Bayan kwana biyu ya tura ni filin da aka ajiye tirelar, wai in duba ko da abin da za a tsira da shi. Na durƙusa na leƙa. Noti biyu babu su, ramukan boltin sun cinye sun zama dogaye, alamar sun daɗe suna wasa. Minti ɗaya bai cika ba na san komai. Na zauna a kan tayar na rasa abin da ke mini daɗi. Da ya kira ya ce, "Aikinka dai lafiya yake ko, injiniya?" sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, Yaya, bugun ne ya tsinka su." Ba wanda ya sake dubawa, aka tura ta wajen masu narka ƙarfe. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko fita da sauƙi.

Yau wata huɗu. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya tashi a coci yana ba da shaida, yana gode wa Allah da ya cece shi da 'ya'yansa "daga tuƙin mata", jama'a na dariya, ita tana zaune a layin gaba da hannu a ɗaure. Matar da ta shekara ashirin tana tuƙi ko madubi ba ta taɓa fasawa ba! Aikinta na care ne, gida-gida take bin tsofaffi da mota, wasu ma ita kaɗai suke yarda ta yi musu wanka. Hannun ya warke, amma in ta zauna a bayan sitiyari sai ta kasa ko tayar da motar. Ta bar wancan aikin, yanzu bas biyu take hawa zuwa wani gidan tsofaffi da ba ta so. A gida ko cokali ta yar sai ya ce, "Haka kika yar da mu a hanya." Abin da ya fi ci mini rai, ta yarda. Ta yarda ita ce. Likitanta ya ba ta maganin barci, ta ce mini da ta rufe ido sai ta ga fuskar yaran a madubi.

Lahadin da ta wuce ta hau jirgin ƙasa ta zo flat ɗina a Hulme, da kular gwate a jaka, irin wanda take mini tun ina yaro. Muna ci ta ajiye cokali ta ce, "Auta, ka yafe mini." Na ce na me, Yaya? Ta ce, "Ka wuni a cikin ruwa ka yi aiki mai kyau, ko don Bulus ya ga darajarka, ni kuma na je na watsar a titi. Na kusa kashe 'ya'yana, na kuma ɓata maka wahalarka." Ta ciro makullin ƙaramar motarta ta aje mini a kan tebur, ta ce in zo in ɗauki motar, ita ta gama tuƙi har abada, lasisin ma a makon nan za ta mayar. Na buɗe baki, Allah shaida na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Yaya, ya wuce." Ni ne na yafe mata! Na raka ta tasha, na dawo na zubar da sauran gwaten.

Bari in gaya muku gaskiyar da ta fi muni. Ba fushinta nake tsoro ba, na san Yaya Ladi, za ta yi kuka ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayata, wataƙila wata rana ta sauko. Fuskar Bulus nake hangowa. Ina ganin yadda zai jingina da kujera ya ce dama ya faɗa, ya kai ni gaban coci kamar yadda ya kai ta, ya hana ni ganin yaran, ya samu abin gorin da zai yi mini har kabari. Har yanzu in na tuna shi zuciyata tafasa take, har yanzu wani ɓangare na raina yana cewa da ya saurare ni minti ɗaya da duk haka bai faru ba. Amma shi lafiyarsa ƙalau, har ya fara neman wata tirelar. Wadda ta goya ni a bayanta ita ce take kwana tana tuhumar kanta da laifina.

In gaya mata ita kaɗai, in ɗora mata sirrin da za ta ɓoye wa mijinta? Ai ba za ta iya ba, Yaya Ladi ba ta ɓoye masa komai. In tafi Birmingham in faɗa a gabansu su biyu, in sunkuyar da kai ga mutumin da ya wulaƙanta ni? Ko in ci gaba da shiru ta mayar da lasisin tana ganin ita ce ta kusa hallaka 'ya'yanta? Makullin yana nan kan tebur, na kasa taɓa shi, kuma ta ce jibi za ta kira in gaya mata ranar da zan zo ɗaukar motar.

'Yan'uwa, in wayar ta yi ƙara jibi, me zan yi?