Abin da Ka Koya wa Abdurrahim

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Zailani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Nuriyya da yara, Allah Ya ƙara muku rufin asiri a Legas. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke matsa mini tun da na bar koyarwa. 'Yata Ikilima ta sauka lafiya, an sami mace. Rasuwar Dada matar Baffa Jaji kuwa ka riga ka ji, tunda saƙon waya ka turo a madadin ƙafarka. Allah Ya jiƙanta.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake da kai, kuma ba zan ɓoye ba. Na ba ka lambar ɗana Abdurrahim don ka ba shi shawara a matsayinka na kawunsa, ganin ya kusa gama karatun tarihi a jami'a, kowa kuma yana tambayarsa wa zai ɗauki mai tarihi aiki. Sai ka koya masa wai ya tsara magana gajeriya a kan kansa, wadda zai gama faɗa kafin lif ya kai babban mutum saman bene. Ka ce ya tsaya ƙyam, ya miƙa hannu, ya kalli mutum cikin ido, ya bar doguwar gaisuwa don ɓata lokaci ce. Ka ce kada ya ce "mu", ya riƙa cewa "ni". Zailani, lif nawa ka taɓa hawa a Miga?

Yaron nan ya ɗauki maganarka kamar karatun allo. Ya maimaita wa madubi, ya maimaita wa awaki, ya tare ni a bakin murhu ina tuƙa tuwo yana sanar da ni sunansa, ni da na haife shi. Dariya na yi ta yi, ban san abin da ke tafe ba.

Ka san bincikensa na kammala digiri a kan tsofaffin burtali ne, hanyoyin da kakanninmu suka bi da shanu tsakanin Miga da Kiyawa. Ba a littafi ya samo ba. Baffa Jaji ne yake zaunar da shi a gindin tsamiya yana ba shi kaɗan-kaɗan, mashaya bayan mashaya, kuma ko rabi ba su kai ba. Duk danginmu ba wanda ya rage da wannan a kansa sai Baffa, ga shi tsufa ya kama shi, tun rasuwar Dada ko furar kirki ba ya sha.

To ranar addu'ar ukun Dada, Alhaji Abdulkahar ya zo ta'aziyya, wanda yake gabatar da shirin tarihi a rediyo. Baffa ya daɗe da niyyar haɗa shi da Abdurrahim da kansa ko yaron ya sami aiki a rediyo, jira kawai yake a share makoki. Ɗanka bai jira ba. Alhaji yana neman takalminsa a bakin tabarma, sai ga Abdurrahim a tsaye a kansa, babu durƙuso, babu ya haƙuri, ya miƙa masa hannu ya fara zubo abin da ka koya masa. A gaban masu makoki ya ce shi ne ya gano burtalin da kowa ya manta, shi ya tattara, shi ya ceto su daga ɓacewa. Alhaji bai karɓi hannun ba. Ya tambaye shi ɗan wane gida ne, ya sa takalminsa ya tafi. Baffa kuwa yana zaune a jingine da bango, komai a kunnensa.

Ni ina cikin gida aka kawo mini labari, na rasa inda zan sa fuskata. Aikin rediyo ya tafi, wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Baffa ya rufe bakinsa. Abdurrahim ya je ya durƙusa, ya yi kuka, Baffa ya amsa gaisuwa, ya ce tunda ya riga ya gano komai ai babu sauran abin da tsoho zai ƙara masa. Na je da kaina, ya ce mini yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan, a nemo wanda ya sa masa a baki. Kullum Baffa ƙara ramewa yake. Idan ya tafi da sauran hanyar nan a cikinsa, ba digirin yaron kaɗai ya lalace ba, mu duka mun rasa inda muka fito, har da kai mai hawa lif.

Saboda haka kada ka turo mini saƙon murya, kada ka ce aiki ya riƙe ka. Ka zo Miga da ƙafarka, ka cire takalmi tun daga zaure, ka yi wa Baffa ta'aziyyar da ba ka yi ba, ka gaishe shi doguwar gaisuwar nan da ka raina, sannan ka gaya masa kai ne. Tunda gajeriyar magana kake so, ga tawa, ko hawa ɗaya ba za ta kai ba: idan Baffa ya rasu bai buɗe baki ba, kada ka ƙara kirana Yaya.

Ka gaida Nuriyya, ita ba ruwanta. Ka shafa mini kan Madina da Zuhair, Allah Ya raya su, Ya sa su san gaisuwa. Iyatu tana gaishe ka. Abdurrahim ma ya ce a gaishe ka, na ce masa sai ka zo ya yi da bakinsa.

Yayarka, har zuwa yanzu,
Lauratu