Ƙugiyar Shafi na Tara

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da su Inna da ma'aikatan shago. Mama tana gaishe ka, ta ce ya ƙarin haƙurinmu.

Baffa, alfarma nake nema. Ɗaliban Baba sun samu zaure a ɗakin karatu na gari, za su baje waƙoƙinsa da hotunansa don tunawa da shi. Sun tambaye ni littafin da ka yi masa da hannunka, wanda ka rubuta waƙoƙinsa a ciki, ka yi wa kowace waƙa zanenta. Ina ƙarama aka yi shi, bangon fata da warin fenti kawai nake tunawa. Mama ta ce guda ɗaya ne a duniya, kuma yana wurinka. Ka ara mana. Cikin gilashi za a sa shi, babu mai taɓawa.

Mama ta ce in roƙe ka kada a buɗe shafi na tara. Da na tambayi dalili sai ta tashi ta shiga kicin.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Shuɗi

*

Zuwa ga 'yata Shuɗi,

Wa alaikumussalam. Takardarki ta iso, na gode da gaisuwa. Ashe ba ki yar da sunan da na laƙaba miki ba ranar da kika tsoma hannu har gwiwa cikin bokitin fentina. Ki gaida mamanki.

Littafi yana nan cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin teburin yankan takarda. Ko kyankyaso bai leƙa shi ba. Amma ba zan bayar ba.

Waɗannan ɗaliban, ina suke lokacin da ubanki yake yawo da waƙoƙinsa cikin leda, masu buga littafi suna cewa ya dawo gobe? Ni na ce masa kawo. Ni da na tsaya a sakandare, na fara da buroshi ɗaya da gwangwanin aro a bakin tasha, yau ba titin da za ki bi a garin nan ba ki wuce ƙarƙashin rubutuna ba. Na rufe shago ga masu allon talla, na zauna. Takarda mai kauri na sayo, na yanka, na ja layi da fensir, na rubuta kowane harafi da buroshi mai gashi uku. Da zaren masu takalmi na ɗinke shi. Har yau in sanyi ya sauko wuyana yana tuna mini.

Kuma ki sani, da tsohuwar tafireta ubanki yake bugawa, wadda ba ta san ƙugiya ba. "Ɗa" da "da" duk ɗaya ne a wurinta. Ni na bi waƙoƙin nan harafi harafi ina sa musu ƙugiyarsu, domin allo bai taɓa fita daga shagona da gurgun harafi ba. Wani mai otal ya taɓa kawo mini takarda wai in rubuta Masaukin Baki. Na ce masa, maigida, baki dai a fuska yake sauka, in baƙi kake nufi ka bar ni in yi aikina.

To ga abin da mamanki ta gudu kicin a kansa. Waƙa ta tara a kaina ya yi ta. Cewa ya yi:

Yaya, tun da ka kafa naka gida
Kishinka nake kwana da shi,
Ga ruwa a gefe, bai kashe ba.

Ƙanen da na goya, ya miƙo mini wannan da hannunsa, wai in yi masa ado. Yana malamin makaranta yana hawan keke, ni na sayi mota, shi ne abin ya tsaya masa a wuya har ruwa ya kasa kashe wutar. To na yi masa adon. Na zana shi tsaye a tsallaken titi yana kallon ƙofar shagona, ido ja, leɓe a bushe. Ban rage masa ko tabon goshinsa ba.

Ranar da na gama ya zo da abokansa masu tabarau. Suna buɗawa suna yabo, har aka zo shafin. Ya daɗe yana kallo. Ya rufe littafin, ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Ya ɗauki hularsa. Daga ranar sai dai mu haɗu a gidan rasuwa, mu yi musabaha kamar maƙwabtan haya.

Ko a buɗe duka ko kada a buɗe ko ɗaya. Ni ba na aikin da ake ɓoye rabinsa. Tun da mamanki ba ta so, shi ke nan.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

*

Zuwa ga Baffana,

Ina gaisuwa, tare da fatan wuyan ya yi sauƙi.

Baffa, na karanta baitin da ka rubuto har sau ban san iyaka ba. Na san waƙar nan. Baba yana rera ta in yana guga, ko yana gyaran keken da ka ambata. Tun ban iya karatu ba na haddace ta daga bakinsa, ban taɓa ganin ta a rubuce ba sai a takardarka.

Ba kishi yake cewa ba. Ƙishi yake cewa. Ƙishinka nake kwana da shi. Yakan ma matse ƙa ɗin har muna yi masa dariya, muna cewa Baba zai shaƙe. Shi ya sa ruwa yake gefe bai kashe ba. Ya sha ba mu labarin ɗakin da kuka taso, katifa ɗaya, kai wajen bango shi wajen ƙofa, da yadda ya kasa barci bayan ka yi aure ka tashi.

Tafireta ce ta ci ƙugiyar, kamar yadda ta ci sauran.

Ba gyara nake yi maka ba, Baffa, ban isa ba. Abin da kunnena ya ji ne. Har yanzu ina roƙon littafin.

'Yarka, Shuɗi

*

Shuɗi,

Na amsa gaisuwa. Wuya yana nan yadda yake.

Wato yanzu ke ce za ki koya mini ƙugiya. Kafin a haife ki nake cin abinci da ita.

Bari in tambaye ki. In ƙishi yake nufi, bakinsa ciwo yake yi? Yana tsaye a shagona, buroshi yana cikin kofi bai ko bushe ba. Da ya ce, Yaya, nan akwai ƙugiya, kafin ya sa hula na gama. Lanƙwasa ɗaya ce, ba ta kai girman ƙwayar shinkafa ba. Mutumin da yake tsayar da aji guda saboda waƙafi, shi ne ya ga an canza masa waƙa ya ce sannu da aiki? Wanda aka yi wa ƙarya musu yake yi. Wanda aka kama ne yake ɗaukar hularsa.

Kuma ke ba ki san zaman da muka yi ba. Ba ki ga yadda yake gabatar da ni ba in abokansa sun zo: "Yayana ne, mai fenti." Mai fenti. Kamar bango nake shafawa. Da na sayi injin yanka haruffa na kai shi ya gani, cewa ya yi, "Yanzu hannun ma ya huta ke nan." Ki ce mini wannan ƙishi ne.

Da ya kwanta asibiti na je. Mamanki shaida ce. Na zauna a kujerar roba, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Ya tambayi shago, na ce alhamdu lillahi. Ya ce in miƙo masa ruwa, na miƙa, ya riƙe kofin bai sha ba, yana kallona. Na jira. Nas ta shigo, na fito. In akwai magana, ai ranar ce ranarta.

Mai waƙa yana iya rera abu ɗaya a gaban 'ya'yansa, ya buga wani a takarda. Su masu ilimi sun iya wannan, kalma ɗaya fuska biyu. Ni abin da aka ba ni na rubuta.

Na fito da littafin jiya don in duba ko asu ya taɓa shi, ba don maganarki ba. Innarki ta shigo ta same ni a shafin, ta ce, "Wannan mai busasshen leɓen, a ba shi ruwa mana." Na ce ta fita ta ba ni wuri. Ita ba ta iya karatu ba, ba ta san abin da take faɗa ba.

Ki tambayi mamanki, tun da ita ce mai ajiyar sirri, me ya hana mijinta buɗe baki.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffana,

Ina gaisuwa. Na tambaye ta kamar yadda ka ce. Ta so ta sake shiga kicin, na tsaya a ƙofa.

Ta ce ranar da Baba ya ga littafin, ya dawo bai ci abinci ba. Ta ce masa ya koma ya faɗa maka, ai kuskure ne. Ga amsarsa, yadda ta faɗa mini, ban ƙara ban rage ba:

"Kuskure? Na bi littafin nan tun daga bango. Duk inda tafireta ta ci ƙugiya Yaya ya mayar, ko ɗaya bai tsallake ba. Ɗaki, ƙofa, ɓera, duk ya gane su. Nan kaɗai ya bari. Ba idonsa ne ya karanta ba. In na je na ce ya gyara, harafin zai gyara."

Ta ce ta yi ta yi da shi har ta gaji. Ta ce ku biyun nono ɗaya kuka sha, taurin kai ɗaya kuka tsotsa.

Ta kuma ce ta janye roƙonta. A buɗe shafi na tara in kana so. Wanda take karewa ya riga ya tafi.

Masu zauren suna jira, za su ba wani abu gilashin in ba mu kawo ba. Duk abin da ka yanke, Baffa, ba zan sake damun ka ba.

'Yarka, Shuɗi

*

Shuɗi,

Gaisuwa. Ga littafi nan direbana ya kawo. A riƙe shi da hannu biyu, kada a jingina shi a tsaye, ɗinkin ya tsufa.

A buɗe shi a shafi na tara.

Na sa ƙugiyar. Zanen ban taɓa shi ba, innarki ta ce ba ya bukata.

Na haɗa baƙin fenti kala-kala don ya saje da na da, ya ƙi. Tsohon ya koɗe, sabon yana ƙyalli. Duk wanda ya tsaya gaban gilashin zai gane daga baya aka sa ta. In ɗalibansa sun tambaya, ki ce mai fenti ne ya makara.

Kada a dawo mini da shi.

Baffanki