Injin da Inna Ta Sani

Daga garin Tajaye, zuwa ga Yayana Habibullahi a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdu lillahi. Gero ya shiga rumbu, wake ne dai bai yi abin kirki ba. Maiɗakina Hauwa ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Humaira. Na ba Isufu mai tahowa Abijan takardar ya kawo maka hannu da hannu, domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance, sai ka hau faɗa har layi ya yanke.

Maganar motar Baba ce. Kawu Hamani ya zo ya ce ka aiko shi ya karɓi makulli, wai na raina ka, na sauke sabon injin da ka sa aka sayo daga Sakkwato na mayar da tsohon. Gaskiya ne, na sauke shi. Makulli kuwa ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Na shimfiɗa wa Kawu tabarma, ya sha fura, ya koma yadda ya zo.

Ban ce ba ka da hujja ba. Motar ta gaji. In na ɗauko nonon rugage muka zo yashin ƙoramar nan, sai mata sun sauka sun tura, kafin mu shiga Konni rana ta take, nono ya yi tsami. Da ka ce a sauya inji ban yi maka musu ba. Maikuɗi makanike ya ɗora shi a garajinsa, kuma wallahi inji ne, mota ta haye yashi kamar babu shi, ba hayaƙi, ba ƙara. Washegari na bi rugage, ba macen da ta fito bakin hanya. Ashe tun zamanin Baba tarin tsohon injin nan suke saurare daga nesa su ɗauko ƙwarya. Wannan bai dame ni ba, danna musu oda daga nesa ya isa ya gyara shi. Abin da oda ba ta gyara ba yana cikin gida.

Yaya, kai Inna kake ji a waya tana sa maka albarka, ni nake zaune da ita. Ka san idonta ya rufe, amma ba ka san yadda hankalinta yake zuwa yana komawa ba. Duk zamanta da Baba ba ta taɓa sa hannu a akushi kafin ya dawo ba, kuma har yau a nan take. In ta ji motar ta karyo kwana wajen tsamiya, sai ta gyara kallabi ta ce Malam ya dawo, a kawo tuwo. Ba mai tuna mata cewa mun kai shi makwancinsa, mu dai murna muke ta ci. Ranar da na dawo da injinka na tsaya ƙofar gida, na shiga na gaishe ta, ta tambaye ni motar wane baƙo ce. Aka kawo tuwo ta ce Malam take jira. Hauwa ta yi lallashi, Yaya A'ishatu ta taso daga Malbaza ta yi nata har da kuka, ban da ruwa ba abin da ya shiga cikin Inna. Na fita na taka totur don ta ji, sai ta aiko a ce wa baƙon ya matsar da motarsa, wurin Malam ne. Da na ga ta fara sallah a zaune, zuciyata ta ƙi ɗauka.

Na koma wajen Maikuɗi, ya dube ni kamar na taɓu. Ya ce in dai dole sai tsohon, hanya ɗaya ce: a buɗe shi a sake abin da ya cinye, a ɗaura masa ƙaramin turbo, abin nan da ke cusa wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce kamar a ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ne, sai na riƙa juye mai a kan kari, in na tsaya in bar shi ya huce kafin in kashe, kuma duk da haka ba zai daɗe kamar naka ba. Na ce masa ni ba wanda zai daɗe nake nema ba, wanda zai raka Inna nake nema.

Tsorona ɗaya, turbo yana da wani siririn fito in an taka. Da Maikuɗi ya gama aikin na shigo gari da motar. Hauwa ta ce tun ina wajen tsamiya Inna ta ɗaga kai, ta kasa kunne, sannan ta yi dariya, ta ce yau Malam da nishaɗi ya dawo, a ji shi yana ta yi wa shanu fito. Ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Yashin kuma yanzu muna haye shi, da nishi dai, amma ba mai sauka.

Injinka yana zaure, na rufe shi da buhu, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Kai ne babba, ban manta ba, kuma na san don alheri ka yi. Amma kada ka sake wahalar da Kawu. In makullin kake so, ka zo da ƙafarka, ka zauna kusa da Inna lokacin cin tuwo, ka gaya mata da bakinka cewa Malam ba zai ƙara dawowa ba. In ka iya, ni da kaina zan miƙa maka shi.

Ka gaida Anti Jamila da su Hashimu da Aminu. Hauwa da Yaya A'ishatu suna gaishe ka. Na gaya wa Inna ina rubuta maka takarda, ta ce in ka sa ranar zuwa ka faɗa da wuri, Malam zai je tasha ya ɗauko ka.

Naka ƙane,
Labo